Wane Zakariya? Al'adar Takwara a Littafi Mai Tsarki da Gidajen Jalingo

Zakariya na cikin sunayen da ba sa tona addinin mai su a Jalingo. Akwai shi a Sintali da Turaki, akwai shi a Magami da Nukkai da Kona. A gidan Musulmi yakan koma Zakari ko Ya'u, a gidan Kirista kuwa a kan kira shi cikakke. In ka tambayi iyaye wa aka yi wa takwara, in dai ba kakan yaro suka ambata ba, amsar ɗaya ce: dattijon nan da ya roƙi Allah haihuwa bayan furfura ta rufe kansa, mahaifin Yahaya, wanda Kiristoci da yawa ke kira Yohanna Mai Baftisma. Da addu'arsa Suratu Maryam ta buɗe, da labarinsa kuma Bisharar Luka ta soma.

Sai dai wanda ya karanta Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango zai iske masu wannan suna kusan 30. A cikinsu akwai sarki, akwai annabi, akwai firistoci, da mai tsaron ƙofa, da makaɗi, da shaida, da ɗan sarkin da yayansa ya kashe. Galibinsu aya ɗaya ce rabonsu, wasu ma rabin aya, a tsakiyar jerin sunayen nan na littattafan Tarihi da Ezra da Nehemiya da mai karatu kan tsallake don ya kai wurin da labari yake. Ina ganin tsallakewar nan asara ce, musamman gare mu. Babu wani sashe na littafin da ya fi kusa da yadda gidajenmu ke raɗa suna, da yadda suke rarrabe masu suna ɗaya, kamar waɗannan jerin. Kuma abin da muke yi wa Zakariyoyin nan, wato haɗe su su zama mutum guda, shi muka fara yi wa junanmu a takardun makaranta da na banki.

Me ya sa suna ɗaya ke ta maimaituwa haka? Dalili na farko ibada ce. Sunayen Ibraniyawa masu ƙarewa da "ya", irin su Zakariya, Azariya, Hananiya da Shemaiya, kowannensu gajeriyar magana ce a kan Yahweh: ya tuna, ya taimaka, ya yi alheri, ya ji. Uwar da ta daɗe tana jira ba ta neman sunan da babu mai shi, tana neman wanda zai faɗi abin da ke ranta, ko da rabin unguwa na amsa shi. Dalili na biyu shi ne zumunci. Tun bayan zaman bauta a Babila, sa wa jika sunan kakansa ya ƙara ƙarfi. Takardun da aka tono a tsibirin Elefantin da ke kogin Nilu, na wata al'ummar Yahudawa ta ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, sun nuna jikoki na ɗauke da sunayen kakanni. Jerin manyan firistoci a 1 Tarihi babi na 6 yana da Azariya uku da Zadok biyu a zuriya ɗaya. Zuwa zamanin Yesu abin ya kai inda ya kai: a kundin sunayen Yahudawa na wancan zamani da malama Tal Ilan ta wallafa a 2002, wajen mace ɗaya cikin biyar da aka samu sunanta a rubuce Maryamu ce.

Wanda ya taɓa zama a taron suna a ƙasar nan ba ya bukatar fassara kan abin da Luka ya ba da labari game da raɗa wa Yohanna suna. Rana ta takwas dangi da maƙwabta suka taru, sun riga sun yanke shawara jariri zai ci sunan ubansa. Uwarsa Alisabatu ta ce a'a, Yohanna za a kira shi. Hujjarsu ita ce babu mai wannan sabon suna a dangi, har sai da aka miƙa wa uban allo ya rubuta. Alƙur'ani ma ya tsaya a kan wannan gaɓar, ya nuna sunan Yahaya ba gadonsa aka yi daga wani ba. Da maƙwabta sun yi nasara, da an sami ƙarin Zakariya ɗaya, ɗan Zakariya.

Al'ummar da ke yawan takwara dole ta ƙware wajen rarrabewa, kuma marubutan Ibraniyawa sun ƙware. Sukan haɗa sunan mutum da na ubansa, in bai isa ba su ƙara na kaka, ko gari, ko sana'a, ko wata alama ta jiki. A Sabon Alkawari haka aka raba Saminu Bitrus da Saminu majemi na Yafa, da Saminu kuturu na Betanya, da Saminu mutumin Kurane da aka ɗora wa gicciye. Bahaushe na da irin wannan dabara, wataƙila ma ta fi tsari. Gidan da aka sa wa 'ya'ya maza Muhammadu a jere, sai a ji Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u. Wanda ya ci sunan kaka ana ce masa Abba ko Baba, mace Ummi, domin iyaye ba za su iya kama sunan nasu iyayen ba. Sarakunan Muri ma haka tarihi ya riƙe su: Muhammadu Nya, wanda ya kafa Jalingo a 1893 bayan yaƙin Kona, ba wanda zai rikita shi da Muhammadu Mafindi, alhali sunan yankansu ɗaya. Shi ya sa jerin 'ya'yan Sarki Yehoshafat a 2 Tarihi babi na 21 bai kamata ya ba mu mamaki ba. Azariya biyu ne a gidan, uba ɗaya, kuma tsakaninsu akwai wani Zakariya. Dukkansu yayansu Yehoram ya sa aka kashe da ya hau gadon sarauta, kuma kusan iyakar abin da aka rubuta game da su ke nan.

A duba kaɗan daga sauran. Ɗaya ya yi sarautar Isra'ila a Samariya a tsakiyar ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, ɗan Yerobowam na biyu. Wata shida kawai ya yi, Shallum ɗan Yabesh ya kashe shi, gidan Yehu ya ƙare a kansa. Wani kuma shi ya koya wa Sarki Uzziya tsoron Allah, marubucin Tarihi ya danganta nasarar sarkin ta farko da wannan tarbiyya, amma ko sunan uban malamin ba a ba mu ba. Ranar da Dawuda ya kawo akwatin alkawari Urushalima, Zakariya biyu ne a tawagar, Balawe mai kaɗa molo da firist mai busa ƙaho. Ranar keɓe garun Urushalima a zamanin Nehemiya ma biyu ne, kuma don kada a haɗa su, marubucin ya bi asalin ɗaya kaka da kakanni har zuwa Asaf mawaƙi. Akwai wanda ya tsaya a hagun Ezra a kan dakalin katako ranar da aka karanta wa jama'a Attaura. Akwai wanda sunansa ya fito cikin waɗanda aka tilasta wa rabuwa da matansu baƙi, kuma ba a faɗi sunan matar ba, balle inda ta nufa da 'ya'yanta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai tsaron ƙofa, ɗan farin Meshelemiya. Da aka jefa ƙuri'a kan ƙofofin Haikali, ta arewa ta faɗo masa, sai marubucin ya ƙara da cewa mutum ne mai ba da shawara da hikima. Ba a faɗi shawarar da ya bayar ba ko wanda ya ba. Amma wani ya ga ya dace a rubuta cewa mai gadi na da basira, aka kuma yi ta kwafe wannan shaida da hannu ƙarni bayan ƙarni. Kowace majami'a a Jalingo tana da irinsa: dattijon da ke buɗe ƙofa tun asuba, ya jera kujeru, wanda fasto kan ja gefe ya nemi ra'ayinsa in rikici ya taso tsakanin iyalai biyu.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne wurin da takwara ta rikita har masana. A ƙarshen ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, firist Yehoyada da matarsa sun ɓoye jariri Yowash shekara shida daga Ataliya, wadda ta ƙudura ƙarar da gidan sarauta. Yana da shekara bakwai Yehoyada ya naɗa shi. Da tsohon ya rasu, aka binne shi cikin sarakuna saboda darajarsa. Bayan nan fadawa suka juya sarki zuwa bautar gumaka. Zakariya ɗan Yehoyada ya miƙe a gaban jama'a ya tsawata, sarki ya ba da umarni aka jajjefe shi a farfajiyar Haikali, ɗan mutumin da ya raine shi. Yana cikawa ya bar wa Ubangiji sakayya. Shekara na juyowa rundunar Suriya ta auka wa Yahuza, bayin Yowash suka kashe shi a kan gadonsa, kuma ba a sa shi a makabartar sarakuna ba. Labarin na 2 Tarihi babi na 22 zuwa na 24.

Kusan shekara 300 bayan wannan, a 520 kafin haihuwar Almasihu, shekara ta biyu ta sarautar Dariyus na Farisa, wani Zakariya ya fara annabci tare da Haggai, suna zuga waɗanda suka dawo daga Babila su ƙarasa ginin Haikali. Shi ne mai littafi, ɗan Berikiya, jikan Iddo. Tsohon Alkawari bai ce komai kan yadda ya mutu ba.

To, a Matiyu 23:35, inda Yesu ke lissafa jinin adalai tun daga Habila, ya rufe da wani Zakariya da aka kashe tsakanin Wuri Mai Tsarki da bagade, kuma nassin ya kira shi ɗan Berikiya. Mutuwar ta ɗan Yehoyada ce, sunan uban na annabi ne. Luka 11:51 ya kawo maganar ba tare da sunan uba ba. Wannan ba jiya aka lura da shi ba. Jerom, wanda ya rubuta sharhin Matiyu a Baitalami a shekara ta 398, ya ce a bisharar da Nazarawa ke karantawa ɗan Yehoyada aka rubuta. Kundin Sinai, kwafin hannu na Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 4, magatakardansa na farko bai sa sunan uban ba sam. Wasu malamai sun ce mai yiwuwa Yehoyada kaka ne, tunda an ce ya kai shekara 130, kuma kiran jika da sunan kaka ba baƙon abu ba ne: littafin Ezra kansa ya kira annabi Zakariya ɗan Iddo, ya tsallake Berikiya, kamar yadda muke cewa wane ɗan gidan wane ne alhali jika ne. Wasu sun waiwayi Ishaya babi na 8, inda wani Zakariya ɗan Yeberekiya ya tsaya shaida tare da firist Uriya. Wasu ma sun nufi wanda marubucin tarihi Yosifus ya ce 'yan tawaye sun kashe a tsakiyar Haikali gab da rushe shi a shekara ta 70.

A nawa karatun, ɗan Yehoyada ake nufi. A tsarin da Yahudawa suka saba jera littattafansu, Farawa ne na farko, Tarihi na ƙarshe, don haka daga Habila zuwa Zakariya na nufin daga kisan farko zuwa na ƙarshe a littafin. Ba lissafin shekaru ba ne, domin annabi Uriya ɗan Shemaiya, wanda Sarki Yehoyakim ya kashe a zamanin Irmiya, ya zo daga baya sosai. Kuma duka biyun, Habila da ɗan Yehoyada, labarinsu ya ƙare da jini mai neman sakayya.

Abin lura shi ne yadda al'adun baka suka ci gaba da cakuɗa su. Fassarar Aramiya ta littafin Makoki ta kira wanda aka kashe a Haikali ɗan Iddo. Wani littafin Kiristoci na ƙarni na 2 da ake jingina wa Yakubu, wanda ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, ya ɗauki wannan mutuwa ya ba mahaifin Yohanna, ya ce mutanen Hirudus ne suka kashe shi a Haikali don ya ƙi faɗin inda ɗansa yake. Zuciyar ɗan Adam ta fi son gwarzo ɗaya mai cikakken labari a kan mutum uku masu guntu-guntu. Amma kama da wane ba ta wane. In aka haɗe su, annabin ya sami mutuwar da ba tasa ba, shi kuwa wanda aka jefe ya rasa ainihin abin da ya sa labarinsa ke da ciwo, wato butulcin yaron da ubansa ya ceta.

Ta yaya waɗannan sunaye suka shigo gidajen Mumuye da Jukun da Kuteb da Wurkun da Jenjo? Ta bakin Hausa suka shigo. Ƙungiyar mishan ta SUM, wadda Karl Kumm ya jagoranta zuwa ƙasar nan a 1904, ta yi Ibi hedikwatarta a bakin Binuwai. C. W. Guinter ya yi aiki a Wukari, sannan ya buɗe tasha a Bambur a 1923, wadda ta zama tushen ikilisiyar Methodist ta yankin Muri. Johanna Veenstra ta zauna a Lupwe kusa da Takum tun farkon shekarun 1920. A ƙasar da kowane tudu ke da harshensa, Hausa ce ta zama harshen ajin baftisma da makarantar masu bishara, kuma da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ya zama rumbun da ake ɗebo suna. Shi ya sa muke da Bitrus da Bulus da Istifanus da Filibus, da Irmiya da Ishaya da Ezekiyel, da Rifkatu da Rahila da Saratu. Shi ya sa kuma Haruna, Yakubu, Ishaku, Dauda da Zakariya suka zama na kowa da kowa, domin masu fassara sun tarar Musulunci ya riga ya ba Hausa waɗannan sunaye, suka ɗauka yadda suke.

Sunayen manyan jiharmu sun isa misali. Theophilus Yakubu Danjuma na Takum na ɗauke da sunan mutumin da Luka ya rubuta wa bishararsa, da sunan jikan Ibrahim, da sunan rana na Hausa. Darius Dickson Ishaku, gwamna daga 2015 zuwa 2023, sunansa na farko na sarakunan Farisa ne, irin wanda annabi Zakariya ya yi aiki a zamaninsa. Agbu Kefas, wanda ya gaje shi, ya haɗa sunan Jukun da laƙabin da Yesu ya ba Bitrus. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, sunansa na ba da labarin hanyoyin da suka ratsa ƙasar.

Damuwata tana ga talakawan da sunansu ba ya ba da irin wannan labari. Mun ɗauki rumbun sunayen, amma ba mu ɗauki dabarar rarrabewar gaba ɗaya ba, kuma tamu ta gargajiya tana zubewa. Wanda aka yi wa baftisma a zamanin farko yana da sunan yarensa, sabon suna ƙari ne. Da ɗansa ya shiga makaranta, malami ya rubuta sunan baftismar yaro, ya bi shi da sunan baftismar uba. Zuwa jikoki, sunan yare ya fita daga takarda, ya rage a bakin kaka kaɗai. Sai ga Bitrus Bulus da Bulus Bitrus a aji ɗaya, ga Yohanna Yakubu a kowace unguwa, babu abin da ke nuna wannan daga Zing yake, wancan daga Karim Lamido. Wanda ya taɓa bin layin gyaran suna tsakanin katin ɗan ƙasa da asusun banki da takardar jarrabawa ya san wahalar da ke ciki. Wannan ma mai sauƙi ce. Babbar ita ce yaron da ba zai iya kai sunan kakansa na uku ba, a ƙasar da gadon gona da sarautar gargajiya da sanin wanda bai halatta ka aura ba duk suka rataya a kan wannan sani. Marubucin Nehemiya ya bi makaɗi guda har kakanni shida don kada ya ɓace cikin takwarorinsa.

A kan mumbari ma akwai gyara. Wa'azi da Hausa a majami'unmu ya fi karkata ga manyan labarai, Yusufu a Masar, Dawuda da Goliyat, Daniyel cikin ramin zakoki. Ba laifi. Amma ana jin mai wa'azi ya fara da wahayin annabi Zakariya ya ƙare da bebancin mahaifin Yohanna, kamar mutum ɗaya ne ya rayu shekara 500. Ana jin an ɗauki Obadiya wakilin fadar Ahab, wanda ya ɓoye annabawa 100 a kogo yana kai musu abinci da ruwa, an mai da shi marubucin littafin Obadiya, wanda ke maganar faɗuwar Urushalima da ta auku ƙarnuka bayan Ahab. Ba na ɗora wa masu bishara na ƙauye laifi, domin da yawansu littafi ɗaya ke hannunsu, ba su da ƙamus na sunaye, abin da ke akwai kuma galibi da Turanci yake. Wannan aiki ne na makarantun tauhidi irin na Banyam da ke Bambur da na Veenstra da ke Donga, da masu buga littattafai: ƙaramin littafi da Hausa mai jera masu suna ɗaya, kowa da ubansa da zamaninsa da aikinsa da inda aka ambace shi. Zumuntar Mata da malaman makarantar Lahadi za su fi kowa cin moriyarsa, domin su ne ke fara gaya wa yaro wanene takwaransa.

Akwai kuma abin da jerin sunayen ba su yi adalci a kai ba, kuma bai kamata mu gaje shi ba. Mata ba su cika fitowa a cikinsu ba. Wani Zakariya ma ba a san shi da komai ba sai don 'yarsa Abi, ko Abiya, ta haifi Sarki Hezekiya, kuma littafin Sarakuna ya saba ambaton uwar kowane sarkin Yahuza. In ba don haka ba, da ita da ubanta duk babu su. A Jalingo mace na yin aure sunanta ya koma Maman wane, a takarda kuma sunan ubanta ya ba na miji wuri, har 'yan Zumunta su yi shekaru suna waƙa tare da ita ba su san daga wane gida ta fito ba. Rajistar baftisma da ta aure suna hannun ikilisiya, ba sai an jira gwamnati ba. Sakataren majami'a na iya ƙara layi uku a littafinsa tun daga wannan Lahadi: sunan yare na yaro, cikakken sunan uwarsa da na gidansu, da sunan wanda aka yi wa takwara, ko kaka ne ko wani daga cikin littafi, in kuma daga littafi ne a rubuta babi da aya.